Sabon Birki a Tsohuwar Motar Baba

Shekarun baya, tun ƙasa tana zaune lafiya, mahaifina yana da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda muke ce wa boksi a nan wajenmu. Shuɗiya ce, ko in ce ta taɓa zama shuɗiya, don rana ta shanye launin har ya koma kamar sama da hantsi. Ta girme ni. Ta ɗauki auduga, ta ɗauki dawa, ta ɗauko ni daga asibiti ina cikin zane. Ƙauyenmu yana bakin kogi tsakanin Suki da Sinja, kuma tun daga nesa kowa yake gane kukanta.

Aibinta ɗaya, birki. Na gaban irin na da ne, tambur, wani kwanon ƙarfe da ke kife a bayan taya, ana goga shi daga ciki. In a bushe yake yana kamawa, amma sai ka lallashe shi: ka taka, ka saki, ka sake takawa. In ruwa ya shige shi kuwa, sai addu'a.

Wata damina muka ratsa wani kwari mai ruwa, muka nufi gangaren da ake shiga banton, jirgin da ke ƙetarar da motoci. Baba ke tuƙi, Inna tana gefensa, ni ina baya kan buhuna. Ya taka birki, motar ba ta ji ba. Jirgin kuma bai iso gaɓa ba. Ban tuna na ji tsoro ba. Kallon kogin kawai nake, jajir da shi, yana ƙara faɗi a gabana kamar a mafarki. Baba ya karya kan motar ya cusa ta cikin tulin yashin da aka jibge a gefen hanya, ta tsaya. Inna ta fito, ta gyara lulluɓinta, ta ce a hankali, "Ni da motar nan har abada."

Ta kuwa riƙe maganarta. Shekaru suka wuce, gwiwar Baba ta fara ba shi wahala, motar ta koma zama a gindin darbejiya. Kullum da safe sai ya goge ta, ya tayar da ita, ya zauna ciki yana sauraron injin kamar mai jin labarai.

Ana nan, a ƙarshen wata damina, saƙo ya zo cewa yayar Inna tana kwance ba lafiya a wani ƙauye can bayan Dindir. Hanyar laka ce da kwaruruka, motocin haya sun daina shiga. Inna ba ta roƙi kowa komai ba. Ta dai rage cin abinci, ta koma zama a bakin ƙofa da carbi tana kallon gabas.

Ina da wani aboki bakanike a Sinja, kowa usta yake ce masa, wato gwanin aiki. Ya daɗe yana gaya mini a cire tambur ɗin gaba a sa birkin faifai, wanda ke fili, ruwa na taɓa shi ya watse. Na je wa Baba da maganar.

Ya ce, "Motar nan yadda aka ƙera ta haka na san ta. Mi za ku cire mata?"

Na ce, "Baba, Inna tana son ganin yayarta."

Washegari na tarar da shi cikin motar da farar jallabiyarsa, a kujerar fasinja, makulli a hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Ba zan bari a yi mata aiki ba na nan ba."

Abokina ya samo kayan daga jikin wata mota da ta yi haɗari. Aka ɗaga gaban boksi, aka zare tayoyi. Da tambur ɗin farko ya fito, wata baƙar ƙura ta zubo, Baba ya kawar da kai kamar an yaye wa wani babba sutura. Aka ɗaura faifan ƙarfen, aka sa abin da ke matse shi daga gefe biyu, aka canja bututun mai da tukunyar man birkin. Sai ga tsofaffin ƙarafan da ake saka taya a jikinsu sun ƙi zama, suna gogar sabon ƙarfen. Muka kwana a Sinja muna neman wasu, Baba yana ta cewa ai dama ya faɗa.

Aiki na ƙarshe shi ne fitar da iska daga bututun, kuma sai an samu mai taka birki daga ciki. Na nufi ƙofar motar, abokina ya tare ni. Ya ce, "Alhaji, ƙafarka ta fi sanin ta. Bismilla."

Baba ya shiga da gwiwarsa mai ciwo. Abokina yana kwance a ƙasa yana cewa, "Taka. Riƙe. Saki." Baba yana bi. Can ya dakata, ya sake takawa a hankali, ya ce, "Ta yi tauri."

"Halas, an gama, Alhaji. Ta kama ke nan."

Ni na fara gwada ta, kuma da ƙafar da na saba na taka. Goshina ya gaisa da gilashi, hular Baba ta faɗa kan cinyarsa. Ya ɗauka ya karkaɗe, bai dube ni ba ya ce, "Yanzu ba kurma ba ce. Yi mata magana a hankali." Da ƙulu a goshi na shiga gari.

Inna ta saurari bayanina duka, ta ce Allah ya sanya alheri, ta ci gaba da jan carbi. Sai Baba ya karɓi makullin. Akwai wani ruwa da ke kwanciya a ƙofar gidanmu duk damina. Ya ɗauki butar alwalarsa ya ajiye a tsallaken ruwan, ya ja motar baya, ya taho ya ratsa ruwan, ya tsaya dab da butar bai taɓa ta ba.

Inna ta ce, "Sake."

Ya sake. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kayanta. Ashe a ɗaure yake tun tuni.

Mun tashi bayan asuba, ina tuƙi, Inna a tsakiya, Baba a bakin taga. Dawa ta yi kai hagu da dama, har ƙarshen gani. Hazo na kwance kan baƙar ƙasa, balbelu suna tashi a gabanmu su sake sauka, makiyaya suna ɗago mana hannu. Inna ta ƙanƙame kujera har muka ratsa kwarin farko. Ina fita daga ruwan na taɓa birki, motar ta tsaya cak. Bayan kwari na biyu na ga yatsunta sun saki. Kafin mu kai Dindir barci ya ɗauke ta, kanta ya karkata ya sauka a kafaɗar Baba.

Mun iske yayarta da rai. Suka yi kwanaki tare suna hira ƙasa-ƙasa, ba ta rasu ba sai bayan kaka.

Yanzu Baba ma ba shi. Nakan yi tunanin mutumin da bai taɓa yarda a canja wa motar nan ko madubi ba, ya zauna yana kallo aka kwance mata gaba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Mutanenmu na da ba su iya irin wannan maganar ba. Abin da na ji da kunnena ɗaya ne, a kan hanyar Dindir. Yana kallon gonaki ta taga, kafaɗarsa ko motsi ba ta yi, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Rage gudu, kar ka tashe ta."