Shekarar da Muka Sayar da Dokin Rake

Ran nan ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, wata yarinya ta wuce da faranti a ka, sai ƙanshin mazarƙwaila ya buge ni. Ban saya ba. Ni da na tashi a gidan da ake dafa ta, nauyi nake ji in miƙa kuɗi a ƙulla mini ita a leda. Amma har na isa gida hankalina yana fadamarmu, a wani ɗan ƙauye tsakanin Zoza da Gwangwan, inda aka haife ni.

In ba ka taɓa ganin yadda ake yin ta ba, bari in gaya maka. Da damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa, sai a shiga saran rake. A bakin fadama akwai injin matsa, ƙarfe ne mai nauyi da aka kafa a ƙasa, da dogon itace a bisansa. A ɗaura wa doki itacen ya yi ta zagaye, mutum ɗaya na zaune yana cusa rake, ruwan na zuba a garwa. Daga nan a juye a babban kasko, a hura wuta da busasshen raken da aka riga aka matse, a yi ta kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Shi rake bai san jira ba. In ka sare shi ka ajiye, tsami zai yi. In ka bar shi a tsaye har zafi ya shigo, ya tsotse ya koma kara.

Dokinmu tsoho ne, ja, duk haƙarƙarinsa a waje, ba wanda zai hau shi zuwa gaisuwar surukai. Amma shi yake ciyar da gida biyu, namu da na Baffa, yayan mahaifina. Fadamar gadonsu ce su biyu, ba su raba ba.

Baffa mutum ne mai baki. Rediyonsa kullum a hammata, kuma ba a kafa kwamiti a yankinmu ba shi a ciki. A shekarun nan abin da ya sa gaba shi ne a yanke mana ƙaramar hukuma tamu. Cewa yake mu ke noma rake da gyaɗa, mu ke cika kasuwa, amma kuɗin da ake turowa daga sama kafin ya iso wajenmu ya ƙare a hanya, shi ya sa muka zama koma-baya. Baba kuwa bai yarda mu koma-baya ba ne ma. A ganinsa, muddin motocin Kano da na Zariya suna zuwa ɗaukar mazarƙwaila, to muna da rai. Kuma hukumar da ba ta da abin kanta sai wanda aka aiko mata, ko a ƙofar gidanmu aka gina ta, jira za ta koya mana.

Sai dai Baba bai taɓa faɗa wa Baffa haka ba. A gidanmu ƙani ba ya duban yayansa ya ce ba haka ba ne, ko da shi ma ya yi furfura. Don haka doki yake gaya wa. Baffa na zaune a kan kututture yana zuba bayanin siyasa, sai Baba ya miƙe ya je yana gyara wa dokin igiya, yana magana a hankali, amma yadda kowa zai ji.

"Kai dai yi ta zagayenka. Ka ji an ce za a raba tuwon gida biyu ya ƙara yawa."

Baffa ya san da shi ake. Sai ya ƙara wa rediyo murya, ya ce ai doki bai san ci gaba ba. Ni da ke kai musu kunu sai in toshe baki da gyale kada a ga ina dariya. Haka suka yi shekaru suna gardama, dokin nan na tsakiya, ba wanda ya taɓa ɓata wa wani rai.

Ana nan sai aka ba mu ƙaramar hukumar. Ranar Baffa ya yanka zakara, ya sa babbar rigarsa ya tafi Rogo, sabuwar hedikwatarmu, bai dawo ba sai da muryarsa ta dushe. Ba a daɗe ba wasu baƙi suka zo da mota, aka tara masu rake a gindin tsamiya. Aka ce za a tallafa wa sana'ar da inji mai shan mai, wanda zai matse a wuni abin da doki ke yi a mako. Sharaɗin kawai shi ne manoma su haɗu su gina rumfar kwano da daɓen siminti inda za a kafa shi. Kowane gida ya kawo nasa kason.

Shekarar gyaɗa ba ta yi ba, hatsin rumbu kuma ba na taɓawa ba ne. Baffa ya ce a sayar da doki, tunda kwanansa ya ƙare a sana'ar. Ranar ce kaɗai na ji Baba ya faɗa masa ra'ayinsa kai tsaye, kansa a sunkuye.

"Yaya, da an bari injin ya sauka tukuna."

"Irin wannan jan ƙafar naka shi ya bar mu a baya. In ba mu gina ba, Gwangwan za a kai shi."

"To, Yaya."

Shi da kansa ya ja dokin zuwa kasuwa, ya dawo da igiyar a aljihu. Tun daga ranar gardama ta mutu a fadamarmu, don Baba ya rasa wanda zai gaya wa.

Aka gina rumfa, aka yi daɓe mai kyau har muna zuwa muna wasan carafke a kai. Rake ya nuna, sabon injin bai iso ba. Baffa ya shiga zirga-zirga a keke zuwa sakatariya, wadda a lokacin gidan haya ce. Ba wanda ya wulaƙanta shi, har kujera suke ba shi da ruwan sha. Yau a ce kason kuɗin hukumar daga sama bai iso ba. Gobe a ce ya iso amma albashi ya cinye. Ya je tsohuwar hedikwata a Ƙaraye, aka ce yanzu ba a ƙarƙashinsu muke ba. Aka ce a nemi jiha, jiha ta ce maganar ta ƙaramar hukuma ce. Ana cikin haka aka canja kantoma, sabon ya ce shi bai san da zancen ba amma zai duba. Har yau da girmana ban san wa zan ɗora wa laifin ba, kuma wannan rashin sanin ya fi komai ci mini rai.

Baba ya nemi hayar doki bai samu ba. Masu shi suna kan nasu aikin, wasu kuma sun sayar kamar mu. Maƙwabtanmu masu shanu sun riga sun yi kudu neman ciyawa. Ya nemi sayar da raken ɗanye, 'yan mota suka taya shi da abin da bai kai kuɗin sara ba, don kowa a yankin neman kai yake da nasa. Ganyen ya fara ja. Inna kullum sai ta wanke tasoshin nan ta kife, ba abin da za a zuba.

Wata safiya na kai kunu, tun daga nesa na ji kukan tsohon injin. Na ɗauka an samo doki, har da gudu na ƙarasa. Baffa na tarar ya tuɓe rigarsa, ya kafa ƙirji a itacen yana turawa, ƙafafunsa na zamewa a sawun da dokin ya bari. Baba na tsaye kamar an dasa shi.

"Yaya, don Allah bari."

"Kai dai zauna ka cusa raken."

Baba ya zauna yana cusawa, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya, don kada ya ga yayansa a haka. Can ya kasa daurewa, ya ce in zo in karɓe shi, ya je ya kama itacen kusa da Baffa. Ina cusa rake ina kuka, dattawa biyu suna zagaya ni suna haki. Har rana ta take ruwan bai kai rabin garwa ba. Sun yi haka na 'yan kwanaki kafin ƙirjin Baffa ya kwantar da shi, sauran raken kuwa a tsaye ya bushe muna kallo.

Shekarar da ta biyo aka ba da fadamar jingina, ba ta dawo ba. Baba ya koma zuwa cin rani Kano. Bai taɓa ce wa Baffa ai na faɗa ba. Shi ma Baffa bai sauka daga ra'ayinsa ba, cewa yake hukumarmu ba ta da laifi, na sama ne suka shaƙe mata wuya. Wataƙila ma da gaskiyarsa.

Yanzu in na ji maigidana da abokansa suna musu a zaure kan wa ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, wane yanki aka bari a baya, wa aka tallafa wa, sai in ga kamar ba a matsa ko'ina ba. Su dai suna iya ɗaga wa juna murya su tashi su ci tuwo, ba abin da suka saka a ciki.

Zuwana gida na ƙarshe da Baffa yana raye, idonsa ya tafi, yana kwance a soro, Baba na zaune kusa da shi yana masa fifita. Bayan mun gaisa ya laluba ya kama hannuna.

"Ke da kike birni, ba ki ji ko an saki kuɗin injin nan ba?"

Baba ne ya amsa, bai daina fifitar ba.

"An ce wata mai kamawa, Yaya."