Kalmomi Huɗu Daga Bagudo Zuwa Lolo

Bagudo

Ƙarfe biyar da rabi na asuba Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta riga ta zauna a gaban mota a tashar Bagudo, ta tare wa kanta kujera da jakar goro. Ita ce shugabar mata masu sayar da busasshen kifi, ni kuma malamin tattalin arziki ne a sakandare. Wasu baƙi za su zo Lolo su ji halin da 'yan kasuwar bakin iyaka suke ciki, kuma ita matan suka tura.

Bara ma an yi irin taron. Ta ce ta yi bayani har bakinta ya bushe, tafinta ya juya shi da kalma uku ya zauna.

"Ba Turanci nika so in yi ba, Malam," in ji ta. "Ka ba ni manyan kalmomin kawai. In ban ji su bakin tahinta ba, na san ya cinye maganata."

Shida saura kwata muka tashi, mutum huɗu a baya, ni a matse a gaba kusa da giya.

Gadar Tuga

Na fara da hauhawar farashi: infileshan. Na ɗauko bayani irin na aji, ta katse ni.

"Kwandon da nis saya bara, bana kuɗɗin nan rabinai suka ba ni. Shi na?"

Na ce shi ne. Ta rubuta da ajami a bayan wani tsohon katin biki. Na shekara goma ina koyar da kalmar nan ban taɓa gama ta da sauri haka ba, har na ɗan ji haushi.

A shingen bayan gada jami'i ya leƙo ya tambayi abin da muka ɗauko. Direba ya ce, "Turanci, ranka shi daɗe." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga sanda.

Ka'oje

Bakwai da rabi muka tsaya karyawa. Ƙosai uku naira ɗari, kowanne bai wuce girman kwabo ba. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta nuna wa mai suya ta ce, "Infileshan!" Matar ta zaci zagi ne, sai da na shiga tsakani.

A kan benci muka ƙara biyu: ekscenji ret, wato yadda naira take canzuwa da sefa, kuɗin tsallaken iyaka, da anemfuloimen, rashin aikin yi. Ta ukun ta ba ta wuya. Ta ce kalma ce mai tsawo kamar zaman da 'ya'yanta suke yi a ƙofar gida.

Hanyar Illo

Nan hanya ta lalace, mota tana ta jefa mu sama. Na ba ta ta huɗu, riseshan: lokacin da saye da sayarwa suka ja baya a ƙasa baki ɗaya, wata da watanni. Wannan ba ta yi mata barkwanci ba. Ta maimaita sau biyu a hankali, ta rubuta, ta juya tana kallon gonakin shinkafa.

Lolo

Sha ɗaya muka isa, ranar kasuwa, ana ta ciniki da Hausa da Dandanci. An yi taron a ƙarƙashin rumfa, jagorar baƙin mace ce mai tabarau da littafi a cinya. Gwaggo ta miƙe ta yi bayani mai tsawo, kati a hannunta. Tafinta, wani saurayi mai kirki amma mai gaggawa, ya faɗi jimla ɗaya da Turanci, wai kasuwa ta ɗan yi sanyi.

Gwaggo ta dube ni. Na girgiza kai.

"Ɗana, tsaya," ta ce masa. Ta fuskanci baƙuwar ta ɗaga murya: "Infileshan. Riseshan."

Baƙuwar ta cire tabarau. Ta tambaya, ta bakin tafinta, ina Hajiya ta ga riseshan. Gwaggo ta kama hannunta ta ja ta zuwa layin 'yan kifi. Ta riƙa tsayawa a kowace rumfar da babu kowa tana faɗin sunan mai ita: wannan ta Ladi ce, ta sayar da tasoshinta, wannan ta Zali ce, ta koma wanke-wanke a gidan abinci. Tafinta yana biye, yanzu kam kalma bayan kalma, baƙuwar tana rubutu a tsaye. Ni dai na tsaya a baya, don idona ya cika kuma ba na son ta gani ta yi mini tsiya.

Komawa

Ƙarfe uku muka kamo hanya. Da muka wuce Illo, sai ta taɓa ni.

"Malam, in abin ya warware, kasuwa ta dawo, shi ma yana da suna ga Turawa?"

Na ce yana da shi: rikobari.

"Ashe sun taɓa ganinai," ta ce. "To hwaɗa min sannu, in rubuta."

Ana kiran magariba muka shiga Bagudo. Matan kifi suna zaune a tsakar gidanta suna jiran labari. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa direban da ya haƙura da ajinmu. Na bar ta tana koya musu ta biyar ɗin, suna maimaitawa.