Malamin da ya sha mangwaro ya kora da lemo

Jiya ɗana ya dawo da shatin bulala, wai don ya tambayi malamar kimiyya, "Ta yaya aka sani?" An ce in kai shi makaranta ya durƙusa ya ba da haƙuri, ko a kore shi. Nan na tuna marigayi malaminmu na firamare a Unguwar Shanu.

Lokacin kowa ya yarda wanda ya sha mangwaro ya kora da lemon kwalba mutuwa zai yi. Ran nan tsohon ya shigo aji da mangwaro da lemon kwalba. Ya tsotse mangwaron, ruwan na bin gemunsa, ƙamshi ya cika ajin, sannan ya kafa kai ya shanye lemon. Muka yi tsit muna jiran ya faɗi. Sai ya yi gyatsa.

Ya ce, "An ce, an ce! Wa ya gwada?"

Ban gama sakandare ba, amma wannan darasin na riƙe. Gobe zan je, kuma yarona ba zai durƙusa wa kowa ba. In za su kora, su kora.

Allah Ya haskaka kabarin Malam, Ya ƙara mana yara masu nacin tambaya.