Ranar da Zuwaira Ta Zazzage Leda Gaban Likita

Wata rana, a wani asibiti a Gusau, wata mata mai suna Zuwaira ta yi abin da dangin mijinta har yau ba su gama mitarsa ba.

Mijinta Malam Sallau tela ne. Shekara huɗu yana lallaɓa ciwon ƙoda da magani da ƙaurace wa gishiri. Sai ga nimoniya ta kwantar da shi sau biyu cikin wata bakwai. A karo na biyun har da robar iska a hanci, likita kuma bai ɓoye ba, ya ce ba lallai jikin nan ya ɗauki karo na uku ba.

Dangi kuwa tuni suka gano mai laifi. Su ba sa buƙatar gwaji.

Zuwaira ce.

Wai ita ke kunna masa fanka, ita ke ba shi ruwan randa, sanyi ya shige shi. Tun kwanciyar farko yayarsa, Yaya Kande, ta kafa doka: ba fanka, ba buɗe taga. Aka naɗe bawan Allah cikin bargo a tsakiyar bazara, yana zufa kamar mai tuƙa tuwon biki.

Duk da haka ciwo ya dawo. Kuna tsammanin an wanke Zuwaira? Ina! Cewa aka yi in sun juya baya tana kunnawa.

Maganar ta ci mata rai ƙwarai. Amma tsoron rasa mijinta ya fi zafin zargin yawa.

Ita ke miƙa masa magani kullum da safe, saboda haka ta san abin da katin asibiti bai sani ba. Bayan na ƙoda da na hawan jini, akwai wani kafso guda, maganin olsa. Shekara uku da suka wuce aka rubuta masa na sati biyu saboda ƙwannafi. Ya ji daɗinsa, ya ci gaba da saye a kemis. Duk sanda likita ya tambayi abin da yake sha, sai a miƙa kati. Ba wanda ke lissafa kafson nan a cikin magani. Na olsa ne fa, kowa ma yana sha.

Zuwaira ba ta san ko yana da illa ba. Abin da ta sani shi ne likita bai taɓa ganinsa ba.

Ranar sallama Yaya Kande ta shige ofishin likita da ƙaninta, aka bar matar gida a baranda tana gadin kwanuka.

Ta zauna minti biyu. Ta miƙe.

Ta tura ƙofa, ta yi sallama, ta kwance bakin ledar magungunan mijinta, ta zazzage duk abin da ke ciki a kan teburin likita.

Yaya Kande ta ce, "Ke Zuwaira, fita. Manya na magana."

Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, yau ba inda za ni. An tuhumi fanka, an tuhume ni. Saura ledar nan."

Likita ya tsinci kafson daga cikin tarin, ya tambayi tun yaushe. Da ya ji shekara uku, sai ya ajiye biro.

Ya yi musu bayani a hankali. Ya ce asid ɗin ciki ba don ya dame mu kawai yake nan ba, yana kashe ƙwayoyin cuta. In aka daɗe ana danne shi, ƙwayoyin na iya samun hanya har huhu, mai ciwon ƙoda kuma dama garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi. Ya ce ba zai rantse kafson ne kaɗai sanadi ba, amma bai ga dalilin shan sa shekara uku ba tare da idon likita ba. Nan take ya tsara yadda za a janye shi sannu a hankali.

Aka sallame shi, suka koma gida.

Suna shiga ɗaki Zuwaira ta buɗe taga, ta ninke bargo, ta murɗa fanka har lamba uku. Yaya Kande ta buɗe baki, sai Malam Sallau ya riga ta.

"A bar ta, Yaya. Tun bara nake jin zafi."

Shekara guda ke nan, yana kan kekensa yana ɗinki, bai sake kwana a asibiti ba. Har yau ba wanda ya ba Zuwaira haƙuri. Ita ma ba jira take ba.

Darasi: Duk abin da mai ciwon ƙoda ke haɗiya, ko na olsa ne, ko na gargajiya, a kai shi gaban likita. Kada ka fara da kanka, kada ka daina da kanka. Kuma in rai ne a tsakiya, kada kunya ta tsayar da ke a baranda.

Akwai irin ledar nan a gidaje da yawa. Tura wannan ga wanda ke jinyar wani, ko a buɗe ta da wuri.