Gwajin Mota na Ƙarshe na Malam Haladu

Ina durƙushe ina haɗa wayar fitilar wata mota bayan sallar Azahar, sai wani direban Ringim ya kira ni. Ya ce ya ga jar mota a kife a hanyar Kiyawa, an ciro mutum biyu, ɗaya da rigar aiki duk baƙin mai, kuma ba ya numfashi. Bai faɗi suna ba, ni ma ban tambaya ba, domin a gabana Malam Haladu ya shiga motar nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekaru da dama muna gareji ɗaya a Dutse, ni ina gyaran wayoyin mota, shi yana saita inji. Duk mai son motarsa ta ƙara ƙarfi, wajensa yake zuwa, daga direbobin haya har samari masu kuɗi. Amma ba ya taɓa inji sai ya duba taya da birki. Yakan ce, "Kafin ka ƙara wa mota gudu, ka koya mata tsayawa." Wasu su ji haushi su tafi, shi kuwa ko a jikinsa.

Yana da wata al'ada idan an dawo da ƙorafi. Ba ya musu. Sai ya goge hannu, ya shimfiɗa kwali a kujerar gaba don kada ya ɓata ta, ya ce wa mai motar, "Ja mu je, in ji abin da ka ji." Na sha ce masa, "Malam, ba kowane hannu ake miƙa wa rai ba." Sai ya yi dariya ya ce mai ƙorafi bai fid da rai da kai ba, wanda ya tafi shiru shi ne ka rasa. Na ga mutane sun zo suna kumfar baki, sun dawo daga gwaji suna ba shi haƙuri.

Ranar nan wani saurayi ne ya zo da jar motarsa, ɗan wani mai hali, a karo na biyu. Wai abokansa sun wuce shi a hanya, wai an cuce shi. A gaban jama'a ya kira Malam Haladu, sa'an ubansa, ɗan koyo. Malam Haladu ya ce, "Yaro, motarka ta kai inda tayoyinta za su iya ɗauka. Ba zan ƙara ba. Amma ja mu je." Ya ɗauki kwalinsa ya shiga.

Saurayin ya tsira da karaya a hannu, kuma ban yi baƙin cikin tsirarsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun ba a yi sadakar uku ba, magana ta zaga gari cewa birki ne ya ƙwace, wai makanike ne ya yi aikin banza. Mutanen da ya yi wa aiki tsakani da Allah suka riƙa zuwa suna janye motocinsu, wasu ko gaisuwa ba su yi ba. Ɗansa na fari, Nura, wanda garejin ya dawo hannunsa, yana tsaye yana miƙa musu makullai. Wanda ya mutu ba shi da bakin kare kansa, shi ya sa abin ya yi musu sauƙi.

Na je inda aka ajiye motar. Na taka birkin da ƙafata, ya kama. Na leƙa ƙasa, ko ɗigon mai bai zuba ba. Kwalin yana nan a ƙasan kujera. Na faɗa wa mahaifin saurayin, ya ce in bar tone-tone, ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce ta ɗauke Malam Haladu, amma ba ƙaddara ce ta ƙaga masa ƙarya ba. Don haka nake rubutawa, domin 'ya'yansa su sani: ubanku bai yi ha'inci ba, aikinsa na ƙarshe ma lafiya yake.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba iyalinsa na Yalwawa da mahaifiyarsa a Aujara haƙuri, Ya tsaya wa Nura da ƙannensa. Shi da bai taɓa barin ƙorafin kowa ba amsa ba, ya Allah, ga nasa nan mun kawo gabanKa.