Takunkumin Kilin Baba

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinmu a Yashe, dokinsa ya dawo hannuna. Kili ne, fari sol in ban da bakinsa da ya ɗan yi duhu, ya manyanta amma bai tsufa ba. A gida babu mai iya hidimarsa, daga Inna sai ƙanwata da ke jinyar Baba. Ni kuma ina koyarwa a wata sakandare a Kankiya, ɗaki biyu nake haya, ko turken akuya ba ni da inda zan kafa. Sai aka yi mini kwatancen wani dattijo a bayan gari, can nesa da ƙarar motocin titin Kano, wanda ke riƙe wa mutane dawakai a bargarsa. Kowa Baffa yake ce masa.

Ranar da zan hawo kilin zuwa Kankiya, Baba ya sa aka jingina shi da bango a zaure. Ya bi sirdi da linzami da ido har aka gama ɗaurawa. Da na zo yi masa sallama sai ya miƙo mini wani abu da hannun hagu, hannun da ya rage masa. Takunkumi ne na kaba, saƙar hannunsa, mai igiya biyu da ake ɗaurawa a bayan kunne. Na karɓa don kada in ɓata masa rai, amma a zuciyata dariya na yi. Dokin da yara ke bi ta ƙarƙashin cikinsa, wa zai ciza?

Likita ya riga ya ja mana kunne. Ya ce jinin Baba a sama yake, duk labarin da zai tayar masa da hankali a rufe masa shi, domin in ciwon ya sake bugawa ba lalle ya tashi ba. Wannan magana ta zauna mini daram a ƙirji. Daga nan muka ɗauki wata al'ada. Kullum bayan la'asar ƙanwata za ta kira ni, ni kuma ina barga, in buɗe muryar waya in kai ta kusa da kunnen kili. Baba ya kira shi da harshensa da ya yi nauyi, kilin ya miƙe kunnuwa ya yi wata 'yar haniniya can ƙasan maƙoshi, wadda ba ya yi wa kowa sai shi. Ƙanwata ta ce sai an yi haka Baba yake yarda ya sha kunu.

Bargar Baffa tsaf take, wannan ba zan ci amanarsa ba. Rumfa doguwa, turaku shida a jere, an share kashi tun da sassafe, harawa a kan rufi, dusa a tukunya da murfi. Amma dokokinsa sun fi na makarantarmu yawa. Mai doki ba ya kwance dokinsa da kansa. Ba a zuwa da abinci daga waje a ba doki a hannu. Ba a shayar da ruwa bayan kilisa sai gumi ya bushe. Wanda ya ba dokin wani ko da ɗan tsinken ciyawa, ya nemi wata barga. Duk waɗannan na haɗiye su. Wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ta farkon damina: daga saukar ruwan fari har shuka ta kai gwiwa, doki ba ya fita kiwo. Kilisa kawai, a kan hanya, da takunkumi a baki.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ɗalibaina ma sun shaida. Kullum na zo sai in tarar da kili tsaye wuri ɗaya yana tonon ƙasa da kofato, ga duniya ta fara yin kore a bayan katanga, yana ɗaga kai yana shaƙar ƙamshinta. Na tuna yadda Baba ke sa masa dabaibayi ya sake shi a fadamar Yashe yini guda. Ban tsaya na tuna ko a wane wata yake yin haka ba.

Na ce, "Baffa, wanga ai kurkuku ne. Dabba ta ga ciyawa da idonta a hana ta?"

Yana tankaɗe dusa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam, ciyawar hwarkon ruwa ba ta doki ba ce. Ka bari ta yi ƙwari."

"Ni hwa ɗan manomi ne, ba daga birni aka kawo ni ba."

"Na sani. Tsohonka ma ɗan manomi ne, shi ya sa ya haɗo ka da wancan." Ya nuna takunkumin da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfa.

Raina ya ɓaci. Na faɗa masa dokin ubana ne, ba nasa ba, kuma na karanta a waya cewa tsayuwa wuri ɗaya tana lalata ƙafar doki. Ya ce wanda ya rubuta abin wayar ya zo ya riƙe bargar. Sauran masu dawakai biyu da ke zaune a benci suka yi dariya, dariyar nan kuwa ta fi maganar yi mini ciwo. Mun yi irin wannan ja-in-ja ya fi sau biyar. A na ƙarshe ya ce mini, a hankali, duk ranar da na kwance dokin nan ba da saninsa ba, in wuce da shi kawai kada in dawo.

A shekarar ruwa ya sauka sau biyu, mutane suka yi shuka, sannan sama ta ɗauke. Aka kwashe kusan mako biyu ba ɗigo. Shuka ta fara yaushi, ganye ya nannaɗe, a masallatai ana ta roƙon ruwa.

Ranar wata Asabar da hantsi na je barga na tarar Baffa ya tafi Fakuwa ta'aziyya. Babu kowa sai dawakai. Kili ya gan ni ya ja igiya. Na waiga kamar mai shirin sata, sannan na sunkuya na kwance shi. Na ɗauki dabaibayi. Takunkumin yana nan rataye daidai fuskata, na kalle shi, na wuce.

Akwai wata saura a gabas da barga, gonar da ba a shuka ba bana. A gefe ɗaya ciyawa ce 'yar ƙarama, a can ɗaya gefen kuma gyauron dawar bara ya tsiro, tsayinsa ya yi kamar taki guda, ya yi yaushi saboda fari. Ba zan ce ban sani ba. Duk ɗan ƙauye ya san gyauron dawa, balle wanda fari ya taɓa, yana kashe akuya da saniya. Amma na ɗauka doki ya fi ƙarfinsa, kuma ai ba a nan zan ajiye shi ba. Na sa masa dabaibayi a gefen ciyawa, na zauna gindin wani marke, na fito da takardun jarrabawar ɗalibai da jan biro. Ina jin ƙarar tsinkar ciyawarsa, raina fes, har ina tsara abin da zan gaya wa Baffa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka kaina a sunkuye ba. Da na ɗago, kili ba ya inda na bar shi. Doki mai dabaibayi yana tafiya, tsalle yake yi da ƙafafun gaba, na san wannan tun ina yaro. Yana can tsakiyar gyauro, kansa a ƙasa.

Na zubar da takardu na ruga. Na fizgo ragamarsa, na sa hannu a bakinsa na zaro abin da na iya, kore shar a yatsuna. Ya dube ni lafiya ƙalau, har yana ƙoƙarin komawa. Na ce wa kaina kaɗan ya ci. Na kwance dabaibayi na ja shi muka kama hanya, ina ta maimaita kaɗan ya ci, kaɗan ya ci, kamar mai jan carbi.

Ba mu yi rabin hanya ba na ji numfashinsa ya sauya. Hancinsa ya buɗe, haƙarƙarinsa na shiga suna fita kamar wanda ya yi sukuwa, alhali tafiya muke. Sai naman kafaɗarsa ya fara rawa. Yawu ya soma zuba. Na tsaya na dafa wuyansa, gumi ya jiƙe mini tafin hannu, gumi mai sanyi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ba dokin kaɗai nake gani ba, ina ganin Baba jingine da bango, da agogon da ke tafiya zuwa la'asar.

Na kira Baffa, sai da na yi kuskuren lamba sau biyu. Da ya ɗauka na ce, "Baffa, kili ya ci gyauro."

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kada ka bari shi kwanta. Ja shi, ko da duka ne. Ga ni nan tahe."

Na kira likitan dabbobi, ya ce yana Katsina, ko ya taso yanzu sai bayan azahar. Na ja kili ina roƙonsa kamar mutum. Yana taku uku ya tsaya, gwiwoyinsa na lanƙwashewa, in daka masa tsawa ya miƙe. Ni da na yi faɗa a kan cewa takunkumi zalunci ne, ni ne na tsinko reshen bedi na zabga masa a cinya. Ina dukansa ina kuka, wasu mata masu ɗauko itace suka tsaya suna salati.

A ƙofar barga ya faɗi. Baffa ya iso a bayan ɗan kabu-kabu da babbar rigarsa ta ta'aziyya, bai ko tuɓe ba ya durƙusa a ƙasa. Ya buɗe leɓen kili ya duba dasashi, ya yi ja wur. Ya jiƙa kanwa da tsamiya a kwalba, na riƙe kan, ya ɗura, rabi ya dawo ta hanci. Kilin ya yi shure-shure, ya miƙe ƙafafu, idonsa a buɗe yana kallon katanga. Ana kiran sallar azahar ya daina motsi.

Na jira Baffa ya zage ni. Wallahi na so ya zage ni, ko ya mare ni. Sai kawai ya zare ragamar daga kan kili, ya naɗe ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Allah shi mayar da alheri. Tashi mu yi salla."

Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan ban taɓa ganin lokaci mai tsawo da gajarta kamarsa ba. Aka samo amalanken shanu aka fitar da gawar. Na zauna a benci da waya a hannu, in kashe ta, in kunna. In na ƙi ɗauka, Baba zai ƙi shan kunu, ya kwana yana tambaya. In na faɗa masa, ga maganar likita. A turken da ke kusa da na kili akwai wani akawali, baƙin doki na wani ɗan kasuwa, mai yawan haniniya in ya ga ƙwaryar dusa. Na dube shi, na dubi tukunyar dusa.

Baffa ya gane. Ya ce, "Malam, kada ka yi."

"Baffa, jinin Baba zai hau. Yau kaɗai, kahin in san yadda zan gaya mai."

"Tsohonka mai doki ne hwa, ya san muryar nashi. Kada ka yi."

Wayar ta yi ƙara. Na tashi, na buɗe tukunyar da aka hana kowa taɓawa, na ɗebo dusa a ƙwarya. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ga Baba." Na buɗe murya na matsa kusa da akawalin. Na ji Baba yana kiran dokinsa da harshen nan mai nauyi, sau ɗaya, sau biyu. Na ɗaga ƙwaryar. Akawalin ya yi haniniya mai ƙarfi, lafiyayya.

Na duba wayar ko layin ya yanke. Ina jin numfashin Baba, ina ƙirga shi.

Ya ce, "Wanga ba nawa ba ne."

Sai ya ɗora da tambaya.

"An yi ruwa Kankiya?"

Na ce, "A'a, Baba. Kwana goma sha biyu ke nan."

Sannan ya ce, "Ka sa mai takunkumin?"

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna. Na ji ƙanwata tana cewa Baba, Baba, mi ya hwaru, sai layin ya yanke.

Ban san yadda na isa tasha ba. A mota duk wayar da ta yi ƙara, ko ta wani ce, sai in ɗauka daga gida ne. Na isa Yashe rana ta yi ja, na tsaya a ƙofar gida ina sauraron ko zan ji kuka. Ban ji ba. Na shiga na tarar da shi a zaure inda ya yi mini sallama, jingine da bango, kwanon kunu a gefe an rufe da faifai ba a taɓa ba. Na durƙusa. Ya miƙo hannun hagu, na kama da hannu biyu ina cewa ya yafe mini. Ya zare hannunsa ya sake miƙowa, tafin a buɗe. Ba gaisuwa yake nema ba, abinsa yake so in mayar masa.

Na shafa aljihuna, na duba jakata. Ragama ce kawai a ciki, da jan biro. Takunkumin yana can Kankiya, rataye a jikin ginshiƙi, na sake wucewa na bar shi.