Saniyar da Ta Kusa Hawa Bangon Littafina

A Kasuwar Shanu ta Potiskum na girma, kuma a wurinmu mai dabba ba ya ciniki da mai saye baki da baki. Dillali ne a tsakani. Ya ji nan ya kai can, duk maganar da ya ga za ta ɓata ciniki kuwa sai ya haɗiye ta a hanya. Shi ya sa da na gama ɗan littafina a kan yadda ake duba sa kafin a saya, ban ko yi tunanin kiran maɗaba'ar da ke Kano da kaina ba. Na damƙa littafin ga wani aminina, tsohon dillali mai yawan zuwa can, na ce ya tsaya mini.

Duk dawowar da zai yi, amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, komai lafiya lau."

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar lodin tirela, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, wai ga bango an gama, saura bugawa. Na duba. Saniyar Turawa ce, dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba ƙaho ba tozo. Da littafin ya shigo kasuwarmu a haka, da na daina ɗaga kai a gaban fatake. Wa zai koyi duba sa daga mutumin da bai san saniyar garinsu ba?

Nan take na karɓi lamba na kira. Mace ce ta ɗauka, ita ce mai maɗaba'ar.

"Hajiya, wannan saniya daga wace ruga?"

"Au, Alhaji, ashe kana magana!" in ji ta. "Na yi ta aikawa a turo mini hoton shanunku, ana cewa duk wanda muka sa daidai ne."

Na juya na kalli aminina. Ko gezau. Ya ce, "To ni in dawo maka da damuwa? Wane dillali ne ke haka?"

Dariya ta kama ni har da riƙe ciki, Hajiya ma tana yi ta waya.

Muka koma kiran bidiyo, na shiga cikin shanu ina nuna mata. Don hoton bangon, ta zaɓi wani jan sa mai dogayen ƙahoni, na wani Bafillace daga wajen Nangere. Sai ta ce babin gane shekarun sa ta haƙora ya ruɗa ta, tun tuni take son tambayata. Na sa aka buɗe bakin san, na yi mata bayani kamar yadda nake yi wa sabon mai saye.

Ta ce, "Abin da ka faɗa yanzu ya fi wanda ka rubuta. Koma ka rubuta shi haka."

Gaskiyarta ce, na kuwa koma.

Kafin littafin ya iso, an riga an loda san zuwa kudu. Bafillacen ba ya karatun boko, amma shi ya fara karɓar kwafi. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya naɗe shi cikin mayafinsa, ya ce zai kai wa yara su ga inda sansu ya kai.